Sai Sun Hau Darbejiya

Ranar wata Talata a tsakiyar damina Nagoggo ya faɗi a lungun da ya bi ta gaban gidansa da na Malam Zakiyyu, riƙe da tukunyar gara. Tukunyar ta fashe. Daga ranar bai sake tsayawa da ƙafafunsa ba.

Malam Zakiyyu ne ya tsince shi, ya fito zubar da ganyen shayi. Garar ta watse tana bin gefen rigar mutumin, manyan zabinsa sun kewaye shi suna tsince ta, ko a jikinsu.

"Sarkin Zabi, yau a ƙasa ake fadancin?" in ji Malam Zakiyyu.

Nagoggo bai rama ba, kuma abin da ya tsorata Malam Zakiyyu ke nan. Tun da suka zama maƙwabta a Sandamu bai taɓa jefa masa magana ta faɗi ƙasa ba. Ya sunkuya, sai ya ga bakin ya karkace, hannun dama ya saki kamar ba nasa ba. Ya kori zabin da ƙafa, ya ɗaga murya ya kira Ikilima, matar Nagoggo, ya ce a nemo mota.

Malam Zakiyyu tsohon malamin tarihi ne da ya yi ritaya. Yana da ɗaki cike da littattafai, da harshe mai kaifi wanda ya rage masa baƙi. Tun da matarsa Adama ta rasu ya daina zama a dandali, 'ya'yansa kuwa suna birni, suna tunawa da shi ta waya idan Sallah ta zo. Nagoggo manomi ne, amma zabi ne rayuwarsa. Alfaharinsa shi ne zabinsa ba su taɓa cin abincin buhun kamfani ba, ba su taɓa shan ƙwayar kanti ba. Gero, dawa, gara, da abin da suka tsinto a gona, sai ganyayyaki da saiwoyi. Yakan ce naman zabon da aka ɗura wa magani kamar soso yake a baki.

Baƙin cikinsa kuwa 'yan zabi ne. Kowace damina yakan sa wa kaza ƙwai ta kwanta a kai, don zabuwa ba ta iya raino ba. Kowace damina sukan ƙyanƙyashe lafiya, sannan su fara zubewa ɗaya bayan ɗaya, har a tsira da kaɗan. Kowace shekara da sabon haɗin da zai gwada. Akwai shekarar da ya cika musu sassaƙen maɗaci a ruwan sha, suka ƙare kaf kafin mako ya zagayo.

"Kai ba kiwo kake yi ba," Malam Zakiyyu ya ce masa a lokacin. "Maƙabarta ka buɗe, kake nema mata jama'a."

Bana kuma Nagoggo ya ji a shirin manoma na rediyo cewa garin zogale yana sa 'yan tsaki girma, ya ƙara da tafarnuwa da citta daga kansa. Zogalen da ya fi kowanne a unguwar yana gidan Malam Zakiyyu. Adama ce ta shuka shi, kuma tun bayanta ba wanda ya tsinki ko ganye ɗaya, har ya miƙe ya wuce katanga. Da Nagoggo ya zo roƙo, Malam Zakiyyu bai ko ɗaga kai daga littafinsa ba.

"Ba nawa ba ne. Ka je ka tambayi mai shi, ka san inda take."

Asibitin Daura sun riƙe Nagoggo 'yan kwanaki, suka ce hawan jini ne ya shanye masa ɓarin jiki, suka ba da magani suka sallamo shi. Aka shimfiɗa masa katifa a ɗakin da ke kusa da zaure saboda masu dubiya. Yana asibitin ne ƙwan suka ƙyanƙyashe a ƙarƙashin wata jar kaza.

Malam Zakiyyu ya bari sai da jama'a ta ragu sannan ya shiga. Ikilima na zaune daga gefen kan mijinta da mafici.

"Sannu, Sarkin Zabi. Talakawanka na waje sun cika mana kunne, suna tambayar ko an yi juyin mulki."

Rabin fuskar Nagoggo ya yi dariya. Ya yi wata magana mai nauyi, kamar harshensa ya cika masa baki. Malam Zakiyyu ya dubi Ikilima.

"Cewa ya yi ka ɗauki kazar da 'ya'yan ka kai gidanka, Malam."

"Gidana? Me ya samu naku?"

Nagoggo ya tattara ƙarfinsa. Wannan karon maganar ta fito, ko da yake da ƙyar.

"Nan... ido ya yi yawa. Gidanka ba mai shiga."

"Ka ga amfanin baƙin jini," in ji Malam Zakiyyu. "Da ina da fara'a da yanzu 'ya'yanka ba su da mafaka."

Sai Nagoggo ya kafa sharuɗɗa, Ikilima na cike masa inda ya maƙale. Kada a bar su su fita sai raɓa ta bushe. A ba su haɗin safe da yamma a cikin ɓarzajjen gero. Na ƙarshe kuma ya faɗe shi da bakinsa, yana riƙe da hannun rigar Malam Zakiyyu da hannunsa mai lafiya. Kada a ƙirga su, kada a yabe su. Mai kiwon zabi ba ya cewa 'yan zabinsa sun yi kyau, ko shi kaɗai ne a gida, don baki yana kama su. In an tambaye shi sai ya kushe su. Ranar da suka tashi da fikafikansu suka hau bishiya suka kwana tare da manya, ranar sun tsallake, ranar ake faɗin gaskiya.

"Ka ce in riƙa kushe su?" Malam Zakiyyu ya tambaya. "Yau ka ba ni aikin da na iya."

"Sai sun hau darbejiya," in ji Nagoggo. Idonsa ya cika da ruwa. "Ko sau ɗaya, Malam. Ko sau ɗaya in ji haɗina ya yi."

Malam Zakiyyu ya koma gida da kwando a ka, kaza na ƙorafi a ciki. Ya share tsohon ɗakin girkin Adama, ya zuba yashi busasshe, ya sake su. Wasu 'yan mitsi-mitsi ne masu zane a ka da jajayen ƙafafu, ba su fi ƙwan da suka fito daga ciki ba. Ya daɗe yana kallonsu. Sannan ya fita tsakar gida ya tsaya gaban zogalen. Ya tsaya har inuwa ta matsa. Da ya miƙa hannu ya karyo reshen farko, sai ya ji ƙamshin ɗanyen ganyen, ƙamshin da yake ji a hannun Adama duk ranar da ta yi kwaɗo. Ya ci gaba da karya ba tare da ya tsaya ba, don ya san in ya tsaya ba zai sake farawa ba.

Aiki ya rabu biyu. Shi yake tsinkar ganye ya shanya a inuwar zaure, don ya taɓa karantawa cewa rana tana cinye amfaninsa. In ya bushe sai ya miƙa ta saman katanga, Ikilima ta daka da tafarnuwa da busasshiyar citta, ta tankaɗe, ta miƙo masa a kwano. Ba ta taɓa leƙowa ba. Matar aure ba ta leƙa gidan wanda ba shi da mata, kuma ko da za ta leƙa, sharaɗin mijinta ya hana.

"Babar Raihana, wannan tafarnuwar taku za ta kori aljanin gidan nan kafin ta gina zabo."

"To ai ka samu riba biyu, Malam. Ka dai rage hannu, ɗan kaɗan ake barbaɗawa. Ba miya ba ce."

Har gara ya koyi kamawa. Ya cika tsohuwar tukunya da karmami da busasshen kashin shanu, ya yayyafa ruwa, ya kife ta a kan hanyar gara a bayan gida. Mutumin da ya shekara yana yaƙi da gara a kan littattafansa, ga shi yana girka mata abinci yana roƙon ta zo.

Kullum bayan la'asar sai ya shiga wajen Nagoggo da rahoto.

"Yaya?" Nagoggo zai tambaya.

"Ƙwailaye ne. Ban taɓa ganin munanan halittu irinsu ba. Wuya kamar tsinken tsire."

"Suna ci?"

"Suna ci kamar ma'aikatan gwamnati, ba a ganin inda yake zuwa."

Nagoggo yakan lumshe ido ya yi rabin murmushin nan. A farko ya gane wasan.

A mako na biyu aka yi ruwa mai iska, ɗakin ya yi yoyo ta kusurwa, biyu suka jiƙe suka mutu. Malam Zakiyyu ya binne su a gindin zogale, ya toshe yoyon da leda, ya riƙa kai musu kaskon garwashi da asuba. Ya jira sauran su bi, kamar yadda suka saba. Ba su bi ba. Gashin jarirai ya zube, fikafikai suka fito, ƙafafu suka yi ƙwari. Suka fara tsere wa kazar, ita ce take binsu a baya tana faɗa. Wata safiya ya ɗauki ɗaya don ya cire mata zaren da ya naɗe mata ƙafa, sai ya ji ta cika masa tafi, ƙirjinta da tsoka, zuciyarta na bugawa a kan yatsunsa. Ya daɗe yana ganin 'yan zabin Nagoggo ta saman katanga, bai taɓa ganin masu wannan nauyin a irin wannan lokaci ba.

Ko zogalen ne, ko garwashin, ko rashin raɓa, ko sa'a ce kawai, bai sani ba, kuma shi ba mutum ne mai rantsuwa a kan abin da bai sani ba. Abin da ya sani shi ne ya buɗe baki zai ce masha Allah, sai ya ji ya rufe shi.

Malam Zakiyyu bai yarda da kamun baki ba. Ya sha gaya wa ɗalibansa cewa magana iska ce, ba ta kashe ko sauro. Amma yana tuna yammacin da Adama ta tashi zaune bayan doguwar jinya ta sha koko har ta nemi ƙari. Ya dube ta ya ce, "Kin warke, wallahi kin warke." Washegari aka yi mata sutura. Ya san ba maganarsa ce ta kashe ta ba, ya karanta abin da likita ya rubuta. Duk da haka ya mayar da 'yar zabuwar ƙasa a hankali, ya ce mata, "Tafi can, mummuna."

Shi kuwa Nagoggo ƙasa yake yi. Abinci ya ragu zuwa kunu, kunun ma sai da cokali. 'Yarsa Raihana ta zo daga Zango ta zauna jinya. Murmushin da yake yi wa rahoton ya fara gajarta, har wata rana ya ɓace. Malam Zakiyyu ya shekara da shekaru yana kushe haɗe-haɗen Nagoggo da gaske, da irin wannan murya, da irin waɗannan kalmomi. Mutumin da ke kwance yana kallon rufin ɗaki ba shi da hanyar da zai bambance kushen al'ada da kushen gaskiya.

Raihana ta tare shi a zaure, ta durƙusa.

"Baba Malam, don Allah in ka shiga ka gaya masa magana mai daɗi. Jiya bayan ka fita kuka ya yi. Ya ce sun mutu ne kake ɓoye masa, ko kuma sun tsumbure kamar na bara."

"Shi ya kafa dokar, 'yar nan, ba ni ba."

"Na sani. Amma ai dokar ta mai lafiya ce."

"In na yabe su suka zube fa? Ke za ki shiga ki gaya masa?"

Ta ɗago ta dube shi da mamaki, don duk unguwar an san abin da yake cewa game da irin wannan. Bai jira amsarta ba, ya shige.

Ranar Nagoggo bai ce "yaya" ba. Ya yi masa alama ya matso. Malam Zakiyyu ya kai kunnensa kusa da bakin.

"Malam... tsakaninka da Allah. Haɗin ya yi?"

Maganar tana bakin Malam Zakiyyu, a shirye, har ya ji nauyinta a harshe. Ta tagar ɗakin ana ganin reshen darbejiyar da ta tsaya a kan iyakar gidajen biyu, inda manyan zabi suke kwana. 'Yan zabin sun riga sun fara hawa turmi, sun fara hawa murfin rijiya. Saura kaɗan. Ya lissafa a ransa cewa mutumin da ya jure wannan kwanciyar zai jure 'yan kwanaki.

"Suna raye," ya ce. "Iyakar abin da doka ta yarda in faɗa ke nan. Ka bari su hau, in zo in cika maka kunne har ka kore ni."

"Suna raye," Nagoggo ya maimaita. Ya juya fuskarsa bango. Na bara ma da suka tsumbure suna raye.

Ranar Laraba, gab da magariba, Malam Zakiyyu na alwala a tsakar gida, manyan zabi suka dawo daga gona da hayaniyarsu suka hau darbejiya. 'Yan zabin suka tsaya cak, suka karkata kai suna kallon sama. Ɗaya ta buga fiffike ta dira kan katanga. Wata ta bi. Daga katangar suka yi ta tsalle zuwa reshen ƙasa, wani ya zame ya faɗo, ya sake gwadawa. Kafin ladan ya gama kiran salla duk sun jeru a reshen, a matse da juna.

Malam Zakiyyu ya tsaya da buta a hannu, ruwa na zuba a kan ƙafarsa. Ya sa takalmi, ya kai har bakin zaure. A nan tsohon malamin da ke cikinsa ya tsayar da shi. Nagoggo cewa ya yi su hau su kwana. Hawa ɗaya ba hujja ba ce. Wataƙila tsoro ne ya kore su sama, wataƙila su sauko cikin duhu su koma ƙarƙashin kaza. Bai taɓa ba ɗalibi maki a kan amsar da ya faɗa bisa sa'a ba. Zai duba da asuba, ya sake gani gobe da yamma, sannan ya shiga da labari cikakke wanda ba mai iya rushe shi. Ya wuce masallaci.

Da asuba suna nan a reshen. Ya ji daɗi har ya dafa shayi ya zuba sukari, abin da ya daɗe bai yi ba. Ya yi niyyar ya jira la'asar kamar kullum, ko ma ya ɗan wuce, ya shiga daidai lokacin da za su hau, ya ce da Raihana ta ɗaga labulen taga. Ya zauna yana tsara yadda zai fara. Zai fara da kushe, ya ja shi, ya ja shi, sannan ya sake.

Da hantsi yana tsinkar zogale a faifai sai ya ji salatin Ikilima ta bayan katanga. Ba ta ɗaga murya sosai ba. Sai kukan Raihana ya biyo baya.

Ya ajiye faifan a ƙasa, ya wanke hannunsa, ya zagaya.

An yi komai yadda ake yi. Liman ya zo, aka yi wanka, aka yi salla a ƙofar gida bayan azahar. Ƙasar maƙabarta ta sha ruwa, haƙa bai yi wuya ba. Malam Zakiyyu ya kama makara tare da jama'a, ya zuba ƙasa, ya tsaya a sahun masu karɓar gaisuwa don Nagoggo ba shi da ɗa namiji a kusa. Mutane suka yi ta cewa mutumin kirki ne, bai taɓa faɗa da kowa ba. Malam Zakiyyu ya san wannan ba gaskiya ba ce, da shi ya yi ta faɗa kusan kullum, amma ya amsa da amin.

Da ya shiga yi wa Ikilima ta'aziyya tana zaune a kan tabarma cikin mata, ta lulluɓe.

"Babar Raihana, Allah ya jiƙansa, ya ba mu haƙuri."

"Amin, Malam. Allah ya saka maka." Sannan ta ƙara da ƙaramar murya. "Da safen nan ya tambaye ka. Na ce sai la'asar kake zuwa. Ya ce to."

"Bai ce komai ba bayan haka?"

"Ya ce in ka zo a ce maka kada ka damu, ba laifinka ba ne. Ya ce dama zabi haka suke, badi a rage tafarnuwa."

Malam Zakiyyu ya buɗe baki. Mata sun cika ɗakin, ana ta shigowa da sallama, wata tsohuwa ta fara addu'a da ƙarfi. Ya shafa tare da su ya fito.

Ya koma gidansa rana ta yi ja. Faifan zogalen na nan inda ya ajiye shi, ganyen ya yi laushi. Ya barbaɗa haɗin a kan gero, ɗan kaɗan, ya watsa. 'Yan zabin suka ci, suka sha ruwa, suka goge baki a ƙasa. Da manya suka dawo suka hau, sai ƙananan suka bi su, yau ba wanda ya zame. Ɗige-ɗigen fari sun fara fitowa a bayansu. Jar kazar ta rage ita kaɗai a gindin katanga, tana kai da kawowa, tana kiransu da muryar da take kiransu da ita tun suna cikin ƙwai. Ta gaji ta shiga ɗakin girki ta kwanta a kan yashi, ta buɗe fikafikanta kamar kullum.

Malam Zakiyyu ya matsa jikin katangar, daidai tagar ɗakin da ke kusa da zaure. An naɗe katifar, an jingine ta da bango. Ya ɗaga kai ya ƙirga 'yan zabin a karo na farko, a hankali, da yatsa.

"Sun yi kyau, Nagoggo," ya ce. "Ban taɓa ganin irinsu ba."